Da wane mudu ake auna mujallun lojistik?

Wannan laccar wani Dakta ne ɗan uwanmu da yake koyar da harkar sufuri da safarar kaya ya gabatar da ita a zaman ɗalibai Hausawa masu majistir da daktora a Jidda bayan sallar isha'i, mun kwafo ta daga rikodin, an rage doguwar gaisuwa kawai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam shugaban zama, malamaina da suke zaune a gaba, ƙannena ɗalibai, da 'yan uwa mata da suke sauraro daga ɗaya ɓangaren, Allah ya saka muku da alheri, na san wasu daga Makka suka taso wasu daga Rabig, Allah ya maida kowa gida lafiya.

Toh tambayar da tafi kowace yawa a bakin ɗalibanmu ita ce, Dakta wannan mujallar Q nawa ce, tana ISI ko Scopus ce kawai, wato a wane mataki take a jerin mujallun bincike kuma a wane rumbun mujallu take. Mushrif, malamin da yake duba aikinka, ya ce ba za a tattauna risalarka, wato kundin digirinka, ba sai ka buga maƙala a Q1 ko Q2, kwamitin tarƙiya, wato ƙarin girma, ya ce ga maki kaza ga wanda ya buga a wuri kaza, wanda zai koma gida Najeriya ko Nijar ko Sudan shima yana lissafin abin da jami'arsa zata karɓa. Duk muna gudu a bayan wata lamba, amma in ka tsayar da mutum ka ce waye ya ƙirga lambar nan, me ya ƙirga, me ya bari bai ƙirga ba, sai kaga an yi shiru. Abin da nake so mu fita da shi daren nan kenan, kowa ya san abin da lambar take aunawa da inda hannunta baya kaiwa, musamman a fanninmu da aikinsa na ƙarshe shine kaya su isa hannun mai buƙata.

Fannin namu na lojistik ai kun sanshi, tun daga sayen kayan aiki, zuwa masana'anta, zuwa sito, zuwa tirela ko jirgin ruwa, kwastan, dillali, har kanti. Sunan sarƙar samar da kaya a 1982 ya fara yawo, wani mai bawa kamfanoni shawara Keith Oliver ake jinginawa. Amma da yawa daga mujallun sun girmi sunan. Naval Research Logistics tun 1954 take, daga ofishin binciken sojan ruwan Amurka ta fito. Wadda yau muke kira Journal of Supply Chain Management a 1965 ta fara a matsayin mujallar masu sayen kaya wa kamfani. Transportation Science 1967, Journal of Business Logistics 1978, Journal of Operations Management 1980, Supply Chain Management: An International Journal 1996, sannan ta lojistik ɗin agaji, Journal of Humanitarian Logistics and Supply Chain Management, sai 2011. Dalilin da yasa na jero su shine ku lura ba gida ɗaya suka fito ba. Wasu na 'yan lissafi ne, wasu na injiniyoyi, wasu na malaman kasuwanci da gudanarwa. Kuma kowane gida da al'adarsa ta ambaton aikin wasu. Ɗan lissafi zai rubuta maƙala ya kawo madogara kaɗan ya wuce zuwa hujjarsa, malamin gudanarwa kuwa sai ya cika shafuka da sunayen waɗanda suka gabace shi kafin ya faɗi nasa. Ku riƙe wannan, zamu buƙace shi.

Yanzu imfak fakto, makin da ake bawa mujalla gwargwadon yawan ambaton maƙalunta, wanda 'yan uwanmu Larabawa a ofis suke cewa mu'amilut ta'asir. Eugene Garfield ne ubansa, Ba'amurke, a 1955 ya rubuta a mujallar Science cewa ya kamata a dinga bin sawun wane ya ambaci wane a cikin bincike. Ya kafa cibiyarsa ISI a Filadelfiya, a 1964 ya fitar da kundin ambato na kimiyya, a 1975 aka fara fitar da rahoton shekara na mujallu. Kamfanin Thomson ya saye ta a 1992, daga 2016 kuma tana hannun Clarivate. Wato ISI ɗin da muke ta faɗa har yau sunan da ne ya zauna a baki, rumbun Web of Science ake nufi. Kuma tun asali an yi abin ne dan a san waɗanne mujallu za a saka a kundi, masu laburare kuma su san wadda zasu saya da ɗan kuɗin da suke da shi. Ba a ƙera shi dan a auna ɗalibi ko a ƙara wa malami girma ba, shi Garfield ɗin da kansa ya sha yin gargaɗi a kan haka.

Lissafin bashi da wahala. A ɗauki shekara ɗaya, a ƙirga sau nawa aka ambaci abin da mujalla ta buga a shekaru 2 da suka gabace ta, a raba da yawan maƙalun da ta buga a waɗannan shekaru 2. A misali kawai, mujalla ta buga maƙala 100 a 2022 da 2023, a cikin 2024 an ambace su sau 500, makinta 5 kenan. Shikenan, babu wani sirri. Har zuwa kwanan baya suna rubuta shi da lamba 3 bayan ɗigo kamar wani awon zinare, a 2023 suka maida shi lamba 1 saboda su kansu sun ga ƙananan lambobin nan suna sa mutane ganin bambancin da babu shi.

Matsala ta farko a wajenmu ita ce shekaru 2 ɗin nan. A fannin likitanci ko ilimin ƙwayoyin halitta ana buga abu yau, kafin shekara an ambace shi birjik. Mu kuwa ka karanta maƙala, ka tsara bincikenka, ka je kamfanoni ka roƙi bayanai wanda shi kaɗai zai iya cin shekara, ka rubuta, ka tura, masu tantancewa su dawo da ita sau biyu sau uku, kafin taka ta fito ka ambaci waccan ai tagar ta rufe tuntuni. Ambatonka bai shiga lissafi ba. Ku duba aikin Hau Lee da abokansa biyu na 1997 a mujallar Management Science a kan abin da ake kira tasirin bulala, yadda ɗan motsi kaɗan a wajen mai saye yake zama babban hawa da sauka a odar da take isa masana'anta saboda kowa a hanya yana ƙara nasa tsoron a kai. Har gobe ana ambatonsa, ana koyar da shi a kowane aji, amma duk ambaton da aka yi masa bayan 1999 bai ƙara wa imfak fakton mujallar komai ba. Shi yasa akwai na shekaru 5, kuma a fanninmu shi yafi kusa da gaskiya, in zaku duba ku duba shi tare da na shekaru 2.

Ta biyu tafi wannan damuna. Makin nan matsakaici ne, kuma ambato baya rabuwa daidai tsakanin maƙalu. Wani masani ɗan Norway, Per Seglen, ya nuna tun shekarun 1990 cewa kusan kashi 15 cikin 100 na maƙalun mujalla su suke kawo rabin ambatonta. Mujallar Nature da kanta a 2005 ta faɗa cewa kashi 89 na ambaton da ya gina makinta daga kashi 25 na maƙalunta ya fito. Toh in ka buga a mujalla mai maki 10 ba yana nufin taka maƙalar za a ambace ta sau 10 ba, wataƙila wasu 'yan maƙalu ne suka ɗauki nauyin kowa. Kuma waɗanne ne suke ɗaukar nauyin? Galibi maƙalun bita, waɗanda suke tattara abin da aka rubuta a kan maudu'i, saboda duk mai rubuta gabatarwa zai jingina da su. Bance basu da amfani ba, akwai masu kyau ƙwarai, amma edita ya san in yana son makinsa ya tashi ya yawaita su. Sai kuma maudu'in da yake tashe. Lokacin korona kowa ya koma rubutu a kan karyewar sarƙar kaya da yadda zata jure, ana ta ambaton juna cikin watanni, makin mujallu da yawa ya yi tsalle, bayan ƙura ta lafa kuma ya sauko. Editocin su ne dai, masu tantancewa su ne dai, ingancin bai canza da wannan saurin ba.

Sai ɓangaren Scopus, na kamfanin Elsevier, 2004 aka buɗe shi kuma yafi Web of Science yawan mujallu. Nasu ma'aunin CiteScore ne, 2016 ya fito, daga 2020 shekaru 4 yake ƙirgawa. Akwai SJR na wata ƙungiyar bincike a Sifen mai suna SCImago, shi ba ƙirga kawai yake ba, ambaton da ya zo daga babbar mujalla yafi nauyi a wajensa a kan wanda ya zo daga ƙarama. Akwai SNIP daga jami'ar Leiden a Holan, shi kuma yana ƙoƙarin gyara abin da na faɗa ɗazu na bambancin al'adar ambato tsakanin fanni da fanni, kuma ni a ganina ga fanni mai gidaje da yawa kamar namu shi ya kamata a fi kula da shi, amma ba kasafai zaka ji kwamiti ya tambaye shi ba. Google Scholar ma yana da nasa wanda aka gina kan lambar h da Jorge Hirsch ya kawo a 2005, wadda take haɗa yawan maƙalu da yawan ambatonsu, sai dai shi komai yake kwasowa har da risaloli da takardun taro.

Yanzu ga inda ake rikicewa, maganar Q. Q ba komai bane illa a jera mujallun rukuni ɗaya daga mai babban maki zuwa ƙarami a raba gida 4, rubu'in sama shine Q1. Amma a Web of Science babu rukuni mai suna sarƙar kaya ko lojistik. Mujallunmu a warwatse suke, wasu a rukunin gudanarwa, wasu a kasuwanci, wasu a binciken ayyuka da kimiyyar gudanarwa, wasu a sufuri, wasu a injiniyan masana'antu, wata ma tana rukuni 2 ko 3 lokaci guda. Dan haka mujalla ɗaya zata iya zama Q1 a nan Q2 a can a shekara ɗaya, sannan ka koma SCImago ka tarar da wani abu daban. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a Dawanau ya san in aka ce maka mudu kaza sai ka tambaya wane mudu, na wace kasuwa, an cika shi da tozo ko an shafe baki. Haka zaka yi in aka ce maka Q1, ka ce a wane rumbu, a wane rukuni, a wace shekara. Kuma tun kafin ka tura maƙala ka je amada, wato ofishin karatun gaba da digiri, ka karɓi ƙa'idar jami'arka a rubuce, saboda wata jami'ar rahoton Clarivate kawai take karɓa, kai kuma kana ta murna da Q1 ɗin SCImago.

Makarantun kasuwanci da suka ga ƙirga kaɗai baya isa sai suka kawo jerin da masana suke zama su yanke. Na Ingila, na ƙungiyar makarantun kasuwanci da muke cewa ABS, yana bada 1, 2, 3, 4 da 4 mai tauraro. Na Ostireliya ABDC yana bada A mai tauraro, A, B, C. Jaridar Financial Times tana da jerin mujallu 50 da take amfani da su wajen jera makarantu. Journal of Operations Management kusan kowa ya yarda tana sama, 4 mai tauraro ce a ABS kuma tana cikin 50 ɗin. Amma ku duba wannan. Manufacturing & Service Operations Management an saka ta cikin 50 na Financial Times a 2016, a jerin ABS na 2021 kuma 3 aka bata. Journal of Supply Chain Management a jerin ABS na 2021 ɗin 4 ce, amma bata cikin waɗancan 50 na 2016. Wanne ya yi ƙarya? Babu. Mutane ne suka zauna, kowa da irin binciken da yake ganin shine bincike, masu son tsantsar lissafi da masu son a shiga kamfani a tattaro bayani. Kuma yawancin masu zaman daga Turai da Amurka da Ostireliya suke, matsalolin da suke gabansu su suke gani manya.

Duk lambar da aka ɗaura wa kuɗi da muƙami kuwa sai an samu masu yi mata dabara. A 2012 Science ta buga binciken Wilhite da Fong, sun tambayi dubban malamai a tattalin arziki da kasuwanci da makamantansu, kusan 1 cikin 5 suka ce edita ya taɓa matsa musu su ƙara ambaton mujallarsa ba tare da wani dalili na ilimi ba. Clarivate duk shekara tana hana wasu mujallu maki saboda yawan ambaton kai ko haɗa baki da wata mujallar ana musayar ambato. A Maris 2023 ta cire mujallu sama da 50 daga rumbunta, 19 daga ciki na Hindawi ne, kamfanin buga mujallu da aka kafa a Alƙahira wanda kamfanin Wiley ya saya a 2021, kuma a shekarar 2023 ɗin kaɗai aka janye maƙalu sama da 8,000 daga mujallunsa saboda masu sayar da maƙala sun shige su ta ƙofar fitowa ta musamman. Ku yi tunanin ɗalibin da ya biya kuɗin bugawa daga mukafa'arsa, wato alawus ɗin karatunsa, lokacin da ya tura mujallar tana cikin rumbu da makinta, kafin ranar munaƙasha, ranar kare risalarsa, an cire ta. Wannan ba ƙaramin abu bane ga bawan Allah da iƙamarsa, wato izinin zamansa a ƙasa, take rataye da karatunsa.

Mu da muke ƙasar nan ma abin ya taɓo mu, kuma magana ce da aka buga a fili. A 2011 Science ta yi rahoto kan yadda wasu jami'o'in nan suke biyan fitattun masu bincike na waje su rubuta sunan jami'ar a matsayin wurin aikinsu, a 2023 jaridar El País ta Sifen ta sake tono irinsa, Clarivate kuma ta tsaurara tantance jerin masu yawan ambato. Na faɗi wannan ne saboda ina ƙaunar jami'o'in nan, sun bamu minha, wato tallafin karatu, sun bamu laburaren dijital da a gida sai dai mu ji labari, kuma akwai aiki na gaske da ake yi a cikinsu wanda baya buƙatar aron suna.

Toh bari na zo kan abin da yafi tsaya min a rai. Menene tasiri a fannin lojistik? Lissafin adadin odar da yafi araha, wanda duk mai kula da sito yake amfani da shi ko ya san sunansa ko bai sani ba, wani injiniya Ford Harris ne ya buga shi a 1913 a mujallar masu masana'antu, ba ma ta jami'a ba. Hanyar raba ayyuka ga ma'aikata ko motoci da Harold Kuhn ya buga a 1955 a Naval Research Logistics, da matsalar tsara hanyar motocin rabon mai da Dantzig da Ramser suka buga a 1959, da hanyar Clarke da Wright ta 1964, irin waɗannan su ne tushen manhajojin da suke tsara wa direban da yake kawo maka saƙo ƙofar gida a Jidda hanyarsa. Duk safiya ana aiki da su, kuma babu direba ko manajan sito da zai rubuta maƙala ya ambace su. Ambato yana ƙirga malami ya karanta malami. Manajan tashar jiragen ruwa da ya karanta ya canza yadda ake jera kwantena baya cikin lissafi sam.

Ga misali a ƙofar gidanmu. Bayan turmutsitsin jamarat na Janairu 2006 da mutane sama da 340 suka rasu, Allah ya jiƙansu, an sake gina gadar hawa hawa, amma gini kaɗai baya isa sai an tsara wace tawaga zata fito daga haimarta a wane lokaci ta bi wace hanya. Masu bincike daga Jamus, cikinsu akwai Knut Haase na jami'ar Hambug, sun yi aiki da ma'aikatar kula da birane ta Saudiyya a kan jadawalin nan, aikin ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Edelman, wadda ake bawa binciken da aka aiwatar a zahiri, a 2015, aka buga shi a 2016 a mujallar Interfaces wadda yanzu ake kira INFORMS Journal on Applied Analytics. Mujalla ce da aka yi ta musamman dan aikin da aka aiwatar a zahiri, kuma makinta bai kama ƙafar na manyan ba. Amma alhazai da ake ƙirgawa da miliyan, kusan miliyan 2.5 a 2019, irin wannan tsarin ne yake taimakawa su je jifa su dawo. Waɗanda suka yi aikin hajji da mu'assasa, masu hidimar alhazai, a cikinku sun ga takardar lokutan jifa da ake bawa shugaban tawaga. Wane maki zaka bawa wannan?

Kuma ba shi kaɗai bane. Shirin hadaya da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da yake nan Jidda ya fara gudanarwa a 1983, a yanka dabbobi masu ɗimbin yawa cikin kwanaki kaɗan, a feɗe, a sanyaya, a kai wa mabuƙata a ƙasashe daban daban, wannan sarƙar sanyi ce da duk duniya babu irinta. Akwai cibiyar binciken hajji da umara a jami'ar Ummul Ƙura da take tara bayanai shekara da shekaru. Ƙasar nan ta fitar da dabarun sufuri da lojistik na ƙasa a 2021 ƙarƙashin hangen 2030, a ma'aunin lojistik na Bankin Duniya ta tashi daga ta 55 a 2018 zuwa ta 38 a 2023. Jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwes kwana 6 a Maris 2021, daga ƙarshen 2023 kuma hare haren Bahar Maliya suka sa manyan jiragen kwantena zagayawa ta ƙasan Afirka, mu da muke Jidda a idonmu aka yi. Ƙannena 'yan Sudan da suke nan, na Maiwurno da na Gadarif, tun Afrilu 2023 kun san yadda komai ya koma Port Sudan, yadda hanyar ƙaro da riɗi da dabbobi ta rikice, yadda kayan agaji suke jiran izinin wucewa ta Adre daga Chadi. A gida kuma ga cunkoson Apapa, ga tashar tudu ta Dala a Kano da aka buɗe a 2023, ga tumatir da yake ruɓewa a kwando tsakanin Kadawa da Legas. Duk waɗannan bincike ne da yake jiran mai yi, kuma mu ne muka san yaren mutanen da suke ciki.

Abin da yake faruwa shine ɗalibi ya kalli waɗannan, ya kalli abin da yake kawo ambato da sauri, sai ya bar su ya je ya rubuta bita ta kaza a kan bulokcen, wata fasahar ajiye bayanai a kwamfuta, a sarƙar kaya wanda bai taɓa ganin kamfani ɗaya da yake aiki da shi ba. Wallahi wannan yana min ciwo. Ba laifin yaron bane shi kaɗai, ma'aunin ne ya nuna masa inda riba take. Sannan abin da aka rubuta da Larabci kusan baya cikin manyan rumbunan, shi yasa aka kawo Arcif, ma'aunin mujallun Larabci, daga Jodan da kuma kundin ambato na Larabci da Clarivate ta yi da Masar a 2020. Na Afirka da yawa sai a African Journals Online zaka same su. Akwai Journal of Transport and Supply Chain Management ta Afirka ta Kudu, wadda in batunka hanyoyin Afirka ne masu karanta ta sun fi kusa da matsalarka.

Su ma Turawan da suka ƙera ma'aunin sun daɗe suna kuka da shi. Sanarwar San Faransisko da ake kira DORA, wadda ta fito a 2013, cewa ta yi kar a yi amfani da makin mujalla wajen ɗaukar aiki ko ƙarin girma ko bada kuɗin bincike, a karanta aikin mutum. A 2015 aka buga ƙa'idoji 10 na Leiden a Nature, ta farko cewa lamba ta taimaka wa hukuncin masana, kar ta maye gurbinsa, akwai kuma wadda ta ce a kare binciken da yake da amfani ga mutanen wuri. Ni bana ce muku ku yi watsi da Q1 ba, kuna da sharaɗin kammalawa, kuna da iyali, ku cika sharaɗin. Kuma manyan mujallun nan da yawansu sun cancanci sunansu, tantancewarsu tana gyara mutum. Amma mujallu irin su Transportation Research Part E ko International Journal of Physical Distribution & Logistics Management ba zasu ƙi aiki dan an yi shi a Mina ko Port Sudan ba, in tambayar tana da ƙarfi bayanan kuma na gaske ne, sau da yawa ma bayanan da babu mai su sai kai su ne abin da zai sa edita ya tsaya ya karanta. In zaka zaɓi mujalla ka duba madogaran risalarka, wace mujalla ce tafi fitowa a ciki, can ake hirar da kake son shiga. Ka buɗe fitowarta ta shekaru 2 ka karanta, ka ga su waye editoci, ka tabbatar da kanka a shafin Clarivate ko Scopus cewa tana ciki a yau, kar ka yarda da tambarin da ta manna a shafinta.

Malam shugaba ya miƙo min takarda daga ɓangaren mata, 'yar uwa tana cewa mai tantancewa ya turo mata maƙalu 9 ya ce ta ambata kuma duk na mutum ɗaya ne, ya zata yi. Ƙanwata ki karanta su duka tukuna. Wadda ta shafi aikinki da gaske ki saka ta, ba komai. Sauran ki rubuta a takardar amsa cikin ladabi cewa kin duba su, kin ga basu shafi tambayar bincikenki ba saboda kaza da kaza, ɗaya bayan ɗaya. Ki sanar da mushrif ɗinki kafin ki tura, kuma ki rubuta wa editan daban ki nuna masa jerin, domin shi yake yanke hukunci ba mai tantancewa ba, kuma editoci da yawa suna cire irin waɗannan daga cikin masu yi musu aiki in sun gane. In kuma editan ne da kansa yake cewa sai kin cusa mujallarsa kafin ya karɓa, ki janye takardarki a rubuce, ki jira su tabbatar miki an janye, sannan ki tura wani wurin.